Kamala Ishak, Matar da Ta Sa Hannu a Kan Maganar Iskoki

Ranar 3 ga Yunin 2019, a kwanakin ƙarshe na azumi, jami'an tsaro suka afka wa masu zaman dirshan a ƙofar hedikwatar sojojin Sudan da ke Khartum. Kwamitin likitocin da ke bayan masu zanga-zangar ya ce an kashe mutum fiye da 100, an kuma tsamo gawa kusan 40 daga Kogin Nilu. Hotunan da suka fito a wancan makon ba sa kalluwa. Shekara uku bayan haka wata dattijuwa mai shekara 83 ta ɗauki buroshi ta zana abin da ya faru a wani babban ƙyalle, kuma duk faɗinsa babu bindiga, babu kaki, babu ɗigon jini. Ruwa ne shuɗi mai sirkin kore, ciyayi dogaye suna tasowa daga ƙarƙashinsa, a tsakaninsu kuma wasu ƙwallaye suna shawagi, kowanne da fuskar mutum a ciki. Ta sa masa suna Blues for the Martyrs, wato makokin shahidai.

Da na nuna wa yayana hoton a waya, bai daɗe yana dubawa ba ya miƙo mini abata. "Ke dai ba kya gajiya da neman magana," in ji shi. "Wannan ai aikin masu iska ne." Da wasa ya faɗa, amma bai yi nisa da gaskiya ba. Mai zanen, Kamala Ibrahim Ishak, a wurin masu iska ta koyi kallon fuskar mace, kuma ba ta taɓa ɓoye hakan ba. Abin da nake musu a kai shi ne hukuncin da ke biyo bayan irin wannan magana, cewa duk aikin da ya fito daga mafarki da iskoki shirme ne, ko gudun gaskiya, ko abin da Musulmi zai kau da kai daga gare shi. A ganina babu inda matar nan ta fi faɗin gaskiyar rayuwar mata dalla-dalla kamar inda zanenta ya fi kama da mafarki.

An haife ta a Umdurman a 1939. Ta shiga Kwalejin Zane-zane ta Khartum, ta gama a 1963, tana cikin matan farko da suka fita daga wurin da takarda. Lokacin Sudan ba ta daɗe da samun 'yancin kai ba, kuma matasan masu zane suna ta tambayar kansu yadda zanen ɗan Sudan ya kamata ya kasance. Amsar da ta yi fice ita ce ta waɗanda aka sani da Makarantar Khartum, irin su Ibrahim El-Salahi da Ahmed Shibrain: a koma ga harafin Larabci, da allon makarantar Alƙur'ani, da adon da ake yi wa fata da tabarma, a narkar da su cikin zanen zamani. Aiki ne mai kyau ƙwarai. El-Salahi ya kai har Tate Modern ta Landan ta yi masa baje kolin aikin rayuwarsa a 2013. Ana lissafa Kamala cikin wannan tafiya tun farkonta. Sai dai allo da alƙalami da zaure duniyar maza ce a lokacin, ita kuwa ta san akwai wata duniyar a cikin gida, bayan katanga, wadda babu wanda ya ɗauke ta a matsayin gado da za a yi alfahari da shi. Can ta nufa, ta je ta zauna a wuraren zar, tana kallo, tana tambaya.

Bahaushe ba ya buƙatar dogon bayani kafin ya gane zar. Mace ce za ta kwanta ciwon da likita ya kasa gane kansa: ciwon kai mara ƙarewa, kasala, ɓari a kai a kai, rashin barci, ko ta daina magana gaba ɗaya. Sai a kai ta wurin shaiha. Shaiha ta buɗe gwangwanin turarenta ta turara mata, ko ta karɓi wani ƙyalle daga jikin mara lafiyar ta kwana da shi a ƙarƙashin kanta, don ta ga a mafarki ko wane ne ya taɓa ta. Idan aka gane shi sai a ji abin da yake so. Daga nan a sa ranar biki, a yi kwanaki ana kiɗa, kowane iska da nasa taken, a ƙarshe a yanka rago. Ba korarsa ake yi ba. Sulhu ake ƙullawa, na har ƙarshen rayuwa, kuma mijin ne yawanci zai biya kuɗin turare da tufafi da yanka.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne su wane ne iskokin. Kusan dukkansu baƙi ne. Akwai Habashawa, akwai Turkawa masu sarauta da jar dara, akwai Turawa masu hula da wando da sigari, akwai waliyyai, akwai makiyayan daji. Matar ƙauye da ba ta ɗaga murya a gaban mijinta, idan iskan Bature ya hau ta, sai ta miƙe ta sa hula, ta riƙe sanda, tana taku tana ba da umarni. A cikin jerin akwai rukunin da ake kira Fallata, wato mu ke nan, mutanen yamma da suka bi hanyar Makka a ƙasa, wasu suka yada zango a Sudan ba su ƙara gaba ba, ko waɗanda suka bi Mai Wurno ɗan Sarkin Musulmi Attahiru bayan yaƙin Burmi na 1903 har suka kafa garin da ke ɗauke da sunansa a bakin Shuɗin Nilu. Masana sun daɗe da lura da kamannin zar da borinmu. A 1988 an yi taro a Khartum a kan su biyun tare, wanda ya zama littafi a 1991. Doki da mahayi, turare, kiɗan da kowane iska ke amsawa, uwar ɗaki mai riƙe da asirin girka: duk mun san su, ko da muna yi kamar ba mu sani ba.

Masu nazari sun rabu a kan ma'anar abin. I. M. Lewis, Baturen Birtaniya da ya yi rubutu a kai a farkon shekarun 1970, ya ɗauke shi a matsayin makamin mai rauni: matar da ba ta da iko ta ce a saya mata zane, sai iskanta ya ce a saya. Mazan unguwa ma haka suke cewa, ba tare da sun karanta littafin kowa ba. Janice Boddy, wadda ta zauna a wani ƙauye a arewacin Sudan ta kuma fitar da littafinta a 1989, ta ga abin ya fi haka zurfi. Ta lura yawanci matan aure yake kamawa, musamman waɗanda haihuwa ta zo musu da matsala, a al'ummar da ƙimar mace ta rataya a kan mahaifarta. Ta ce a cikin zar mace na samun damar fita daga kanta, ta shiga rigar wani, ta waiwayo ta kalli rayuwarta daga waje. Na fi karkata ga Boddy, kuma dalilina daga gidan da na tashi ne.

A gidan hayar da muka zauna a cikin birnin Kano ina yarinya, akwai wata mata da muke kira Goggo. 'Ya'yanta ba sa zama. Mace ce mai kunya har ta yi yawa, ko sunan mijinta ba ta kamawa. Amma idan iskokinta suka tashi, yawanci bayan isha, sai wata murya mai kauri ta fito daga ƙirjinta, ta kira maigidan da sunansa na yanka, ta lissafa masa: ranar da ya bar ta da naƙuda ya tafi majalisa, kuɗin adashenta da ya ranta bai biya ba, maganar da uwarsa ta faɗa ranar jana'izar yaro na uku. Duk gidan na ji. Shi kuma yana durƙushe yana cewa, "A yi haƙuri, ranka ya daɗe, za a gyara." Da safe Goggo ta fito tana shara, ta gaishe shi a ladabce, idan aka yi mata zancen daren jiya ta ce ita ba ta san an yi ba. Ban taɓa zarginta da ƙarya ba, har yau. Abin da na gane daga baya shi ne irin yarjejeniyar da gidan ya yi ba tare da an zauna ba: an faɗi gaskiya, kowa ya ji, amma babu wanda ya faɗe ta, don haka babu wanda za a saka, babu kuma wanda ya zama dole ya canza.

Wannan yarjejeniya ce Kamala ta karya. Ta ɗauki abin da ake faɗa da muryar aro, cikin dare, a bayan katanga, ta zana shi da rana, ta rataye a bango, ta sa sunanta a ƙasa. Da safe ba za ta iya cewa ba ta san an yi ba. Idan ana neman inda fafutukarta ta kare mata take, a nan take, kuma a ganina ta fi ta kwalayen zanga-zanga nauyi.

Yadda ta samo hanyar zana abin ma labari ne. Daga 1964 zuwa 1966 tana karatu a Royal College of Art da ke Landan. A can ta haɗu da aikin William Blake, mawaƙi kuma mai zane da ya rasu a 1827, mutumin da ya ce tun yana yaro ya ga mala'iku a kan bishiya, kuma ya rayu yana zana abin da yake gani a wahayinsa alhali mutanen zamaninsa na ce masa taɓaɓɓe. Ta kuma ga fuskokin Francis Bacon, waɗanda yake murɗewa har su fita daga kamanninsu. Amma abin da ita da kanta ta sha ambata shi ne jirgin ƙarƙashin ƙasa na Landan. Gilashin tagoginsa a lanƙwashe yake, waje kuma duhu ne, don haka fuskokin fasinjoji kan bayyana a jikinsa a miƙe, a karkace, goshi ya yi tsawo, haɓa ta ninku. Mutum na zaune lafiya lau da jaridarsa, ga kuma wata fuskar tasa a gilashi tana faɗin wani abu dabam. Yarinyar da ta ga mata suna sauya kama a ɗakin zar ba ta ɗauki wannan a matsayin wasan haske kawai ba.

Daga nan fuskokinta suka samo asali. Matan Kamala ba kyawawa ba ne irin na kalanda. Fuska doguwa, ido a zurme, wani lokaci fuska biyu ko uku a kai ɗaya, wani lokaci baki a buɗe ba a san ko waƙa ba ce ko kururuwa. Tana yawan zana su a taro, sun kewaye tebur ko sun zauna a da'ira, a biki ko a makoki, da launin ƙasa-ƙasa irin na Umdurman. A wani jerin aikinta ta saka kowace mace a cikin akwatin gilashi mai kusurwa huɗu: ana ganinta ta ko'ina, ba ta da wurin ɓuya, ba ta kuma da ƙofar fita. Ban san wani bayani na zaman matar da kowa ke sa wa ido ba wanda ya kai wannan daidai. Mun ce labarin zuciya a tambayi fuska. To wace fuskar? Wadda Goggo ke fitowa da ita da safe, ko ta bayan isha? Mai ɗaukar hoto guda ɗaya zai samu. Kamala ta nemi hanyar da za ta saka duka biyun a wuri ɗaya, kuma dole abin ya fito kamar mafarki, domin a mafarki ne kawai muka saba ganin mutum ɗaya ya zama biyu ba tare da mun yi mamaki ba.

A shekarun 1970, tana koyarwa a kwalejin da ta yaye ta, ta haɗu da wasu ɗalibanta, cikinsu akwai Muhammad Hamid Shaddad da Nayla El Tayib, suka kafa ƙungiyar da suka sa wa sunan kiristal, dutsen nan mai haske da ake gani ta cikinsa. An buga sanarwarsu a jaridar Al-Ayyam a 1976. Taƙaicenta shi ne duniya ba ta da fuska ɗaya: duk inda ka juya dutsen sai ya nuna maka wani abu, kuma babu wanda zai tsaya ya ce ga gadonmu, ga iyakarsa. Tawaye ne ga dattawan Makarantar Khartum, kuma malama ce ta bi bayan ɗalibanta a kan abokan tafiyarta maza. Sanarwar kanta tana da kumbura irin ta samari, ban damu da ita sosai ba. Zanen ya fi ta hankali.

Yanzu ga maganar da ba za a tsallake ba. Mai karatu Musulmi zai ce: yanka don iska shirka ne, neman lafiya a wurin aljani haramun ne, zana mai rai ma malamai da yawa sun hana. Ban zo in halatta bori ko zar ba. Ba na zuwa, ba zan kai 'yata ba. Maganar zana mai rai kuwa ta malamai ce, sun yi saɓani a kan rassanta, kowa ya bi wanda ya natsu da shi. Amma a raba tsakanin mai yanka da mai ba da labarin abin da ya kai mace ga yankan. Kamala ba shaiha ba ce, ba ta girka kowa ba. Kuma muna da misali a gida na yadda mai ilimi ke tunkarar wannan al'amari. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ta yaƙi bori ba sassauci. Amma da ta kafa 'Yan Taru, ta naɗa jagorori mata da ake kira jaji, masu bi ƙauye-ƙauye suna karantar da mata, sai ta ɗora musu malfa, irin hular da Innar Gobir, uwar 'yan bori, take sawa, kamar yadda Jean Boyd ta nuna a binciken da ta yi a Sakkwato. Nana ta gane matan nan ba wauta ce ke kai su gidan bori ba. Suna neman taro, suna neman jagora mace, suna neman inda za a saurare su. Ta ba su wannan ta wata hanya. Wanda ya tsaya ga haramtawa kawai, ya rufe ɗaki ya bar ciwon a ciki. Gwamnatin Umar al-Bashir, da ta zo a 1989, ta matsa wa zar lamba, ta kuma kafa dokokin da suka sa ana kama mata a titi saboda tufafi, har 'yar jarida Lubna Hussein ta gurfana a kotu a 2009 don ta sa wando. Ban ji an ce ɓari ko kishiya ko duka sun ragu a waɗancan shekarun ba.

Shi kansa mafarki ba baƙo ba ne a addininmu. Surar Yusuf a kansa ta ginu. Littafin fassarar mafarki da ake jinginawa ga Ibn Sirin yana nan a kowace kasuwar littattafai. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya rubuta yadda, yana da shekara arba'in da 'yan watanni, ya ga Shehu Abdulƙadir Jilani ya ɗaura masa takobin gaskiya. Ba ina haɗa wannan da ɗakin zar ba ne, Allah ya kiyaye. Abin da nake nunawa shi ne mun yarda abin da mutum ya gani ido a rufe yana iya zama ilimi. Sai dai mafarkin namiji kan shiga tarihi, na mace kuwa a kai wa malam ya duba ko aure ne ko ciki.

Akwai wasu kuma da nake da ja da su, su ne masu gidajen baje koli na Turai. Shekarun nan an shiga yayin mata masu zanen ruhi. Hilma af Klint, 'yar Suwidin da ta rasu a 1944, ta ce wasu ruhohi ne suka umarce ta da manyan zanukan da ta fara a 1906, ta kuma bar wasiyya kada a nuna su sai bayan shekara 20 da mutuwarta. Da gidan Guggenheim na New York ya baje su a 2018 zuwa 2019, mutum fiye da 600,000 suka je kallo, adadin da gidan bai taɓa gani ba. A 2022 babban baje kolin Benis ya ari sunansa daga wani littafin Leonora Carrington, Baturiyar Ingila da ta ƙare rayuwarta a Meziko tana zana mata masu rikiɗa, kuma a karon farko tun 1895 mata suka fi yawa a cikin waɗanda aka gayyata. A cikin wannan iska ce aka waiwayi Kamala. Birnin Sharja ya riga Turawa, ya yi mata baje kolin aikin rayuwarta a 2016. A 2019 ta karɓi babbar lambar yabo ta Yarima Claus daga Holan, tana da shekara 80. A Oktoban 2022 gidan Serpentine na Landan ya buɗe nata.

Na yi murna, amma ina jin ƙaiƙayi idan na karanta yadda wasu ke gabatar da ita, kamar wata kaka daga Afirka da ruhohi ke raɗa wa a kunne. Matar nan ta yi kusan shekara 30 tana koyarwa, ta shugabanci sashen fenti, ta yaye ɗalibai da yawa da suka zama sanannu. Zar bincike ta yi a kansa, da ido da kunne da haƙuri. Af Klint ta ce an riƙe mata hannu. Kamala ba ta ce haka ba, kuma wannan bambanci shi ne gaba ɗayan al'amarin. Wanda ya mayar da ita mai wahayi ya sake yi mata abin da aka yi wa Goggo: ya yaba maganar, ya ce ba ita ta yi ba.

Kalmar feminis da ake liƙa mata ma tana buƙatar hattara, musamman a nan inda ta zama zagi a Facebook. Sudan na da matan gwagwarmaya na fili. An kafa Ƙungiyar Matan Sudan a 1952, Fatima Ahmed Ibrahim ta shiga majalisa a 1965, mace ta farko da ta yi haka a ƙasar, kuma a Afrilun 2019 duniya ta ga Alaa Salah a tsaye a kan mota cikin farin lulluɓi tana jagorantar taken juyin juya hali. Kamala ba ta bi wannan layi ba. 'Yan bokon zamaninta, maza da mata, da yawansu suna kallon zar a matsayin jahilcin da makaranta za ta share. Ita ta ƙi raina matan da ba su yi boko ba. Ta ɗauka cewa abin da suke yi a ɗakin nan tunani ne, mai tsari da tarihi, wanda ya cancanci babban ƙyalle da fenti mai tsada kamar yadda harafin Larabci ya cancanta.

Ba zan ce aikinta ba shi da haɗari ba. Zane na iya ƙawata ciwo. Mai kallo a Landan zai iya tsayawa gaban fuskokin nan ya ji daɗin launi, ya fita ya sha shayi. Kuma wani abin da muke kira iska sunansa farfaɗiya, wani sunansa ciwon damuwa na bayan haihuwa, wani kuma dukan da aka sha ne aka hana faɗa. Waɗannan asibiti suke so, ko alƙali. Zar bai taɓa sauya gidan da mace za ta koma ba, zane ma haka. Goggo ta mutu a ɗakin da na san ta, da mijin da na san ta da shi.

A shekarunta na girma bishiyoyi sun mamaye aikin Kamala. Mace na tsirowa daga cikin kututture, ganye na zama fuska, saiwa na zama jijiya. Ta yi zane a kan ƙwarya, ta yi a kan fatar ganga. Babban aikinta na 2019, Bait Al-Mal, sunan unguwar da ta tashi ne a Umdurman. Taswira ce, amma ba ta tituna ba: gungu-gungun mutane ne da bishiyoyi, da zare-zare da saiwoyi suna haɗa wannan gida da wancan, yadda ta ji daga bakin uwa da kakanni. Ranar 15 ga Afrilun 2023 yaƙi ya ɓarke tsakanin sojoji da dakarun kai ɗaukin gaggawa na RSF, unguwannin tsohuwar Umdurman suka zama fagen daga, mutum fiye da miliyan 10 suka bar gidajensu a faɗin ƙasar. Takardar fili za ta nuna wa mai komawa inda katangarsa take. Wane ne ɗan uwan wane, wace ce ta riƙe 'yar wace, irin wannan sani a bakin mata yake zama, kuma yana watsewa ranar da unguwa ta watse. Wanda ya kira zanen nan mafarki a 2019 sai ya sake dubawa.

Mu ma iskokinmu ba su tafi ko'ina ba, sun dai sauya ɗaki. A tsakiyar shekarun 1990 aka yi ta fama da abin da aka kira Sumbuka a makarantun 'yan mata a Kano, ɗalibai suna faɗuwa rukuni-rukuni. Tun daga lokacin ruƙiyya ta bunƙasa, aka riƙa sayar da kaset-kaset na zaman cire aljanu a kasuwa, yau kuma suna yawo a WhatsApp. Na saurari da yawa. Malam na tambayar aljanin sunansa, da addininsa, da garin da ya fito, da inda ya shige ta, ko a banɗaki ne ko a bakin rijiya, da dalilin da ya sa yake sonta. Wani lokaci aljanin kan faɗi abubuwa masu nauyi game da gidan, game da auren da za a yi mata, game da wani kawu. Sai a ce masa ya yi shiru ya karɓi shahada ya fita. A cikin waɗanda na ji, babu inda aka bar na'urar a kunne har yarinyar ta farfaɗo, aka ba ta ruwa, aka tambaye ta ko akwai gaskiya a abin da aka faɗa da bakinta.